Tambaya: Me NMR ke gani a jikin furotin mai isar da saƙo wanda hoton kiristal bai nuna ba?

Ɗaliba_Bayokemistiri ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu, kuma an ba ni aikin gabatar da takarda a taron ƙara wa juna sani na sashenmu a kan nau'o'in furotin da ke isar da saƙo a cikin ƙwayar halitta, irinsu makarɓan GPCR da ke zaune a tantanin ƙwaya suna karɓar saƙo daga waje su miƙa shi ga furotin G da ke ciki, da Ras, da kalmodulin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. An riga an san siffar waɗannan furotin ɗin daki-daki. An fitar da siffar makarɓin adirenalin na beta-2 ta hanyar kiristal, wato jera furotin ya zama kiristal a ɗauki hotonsa da hasken X-ray, a shekarar 2007, a 2011 aka fitar da ita yana riƙe da furotin G, har Robert Lefkowitz da Brian Kobilka suka karɓi kyautar Nobel a 2012. Ga kuma madubin elektron na daskararren samfur, ga manhajar AlphaFold da ke hasashen siffa daga jerin amino asid kaɗai. To, me ya sa har yanzu masu bincike ke wahalar shigar da waɗannan furotin ɗin cikin maganaɗisun NMR, na'urar da ke sauraron amon cibiyar zarra? Iyakar sanina da NMR shi ne gano tsarin ƙananan sinadarai da ake tatsowa daga ganye da saiwa da sassaƙe, inda zarrar haidirojin ba ta cika wuce 'yan gomomi ba. Ban fahimci yadda za a karanta furotin mai dubban haidirojin ba, kuma ban gane bambancinsa da EPR ba, wanda nake yawan ganin ana ambatarsu tare. Ina roƙon wanda Allah ya ba sanin abin ya warware mini.

Malamin_Kimiyyar_Sinadarai ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, tambayarki ta faɗa a kan gaɓa. Saƙon da furotin ke ɗauka ba a cikin siffa guda yake ba, yana cikin sauyawar da yake yi tsakanin siffofi da yawa, da tsawon lokacin da yake shafewa a kowace, da saurin tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Kiristal yakan tsayar da furotin a siffar da ta fi sauƙin jeruwa, AlphaFold kuma mafi yawan abin da ya koya daga irin waɗannan tsayayyun siffofin ne. NMR yana duban furotin yana narke cikin ruwa, a zafin ɗaki ko zafin jiki, yana ta motsinsa.

Bari in fara da tushe. Cibiyar zarrar haidirojin tamkar ɗan ƙanƙanin maganaɗisu ce. Idan aka sa ta cikin babban maganaɗisu aka buga mata igiyar rediyo, sai ta amsa da amo. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna haka a Amurka a 1946, kowannensu da tawagarsa. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 14.1 haidirojin yana amsawa da kaɗawa miliyan 600 a sakan guda, shi ya sa ake kiran na'urar mai megahaz 600. Na'urar hoton MRI ta asibiti, wadda ke aiki da ƙa'ida ɗaya, yawanci tesla 1.5 ce ko 3. Abin amfani a nan shi ne amon kowace zarra yana ɗan karkata gwargwadon abin da ke kewaye da ita, kamar yadda amon kalangu ke tashi ko sauka idan makaɗi ya matse tsarkiya ko ya sassauta. Da zarar furotin ya sauya siffa, maƙwabtan zarrar sun sauya, amonta ma ya sauya.

Matsalar cunkoso da kika ambata gaskiya ce, kuma an magance ta ta hanya biyu. Ta farko ita ce baje siginar a fili mai tsawo da faɗi maimakon layi guda, dabarar da Richard Ernst na birnin Zurik ya raya har ya karɓi Nobel a 1991. Ta biyu ita ce ciyar da ƙwayar bakteriyar E. coli mai ƙera furotin ɗin da gishirin amoniyam mai naitirojin-15 da gulukos mai kabon-13, domin a halitta naitirojin-15 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kabon-13 kuma kashi 1.1 ne kawai. Da wannan ake ɗaukar taswirar da ake kira HSQC, inda kusan kowane amino asid, in ban da firolin, yake bayyana a matsayin ɗigo guda. Furotin mai amino asid 150 zai ba ki ɗigo kusan 150, kowanne yana ba da labarin wurin da yake. Kurt Wüthrich, shi ma a Zurik, shi ya fara fitar da cikakkiyar siffar furotin ta NMR a 1985.

Kalmodulin misali ne da nake so ki fara da shi a takardarki, domin ƙarami ne, amino asid 148, kuma darasinsa a fili yake. Hoton kiristal na 1985 ya nuna shi da kai biyu, kowanne yana riƙe da kalsiyam biyu, da doguwar miƙaƙƙiyar sanda a tsakani. Da wannan siffa an kasa gane yadda furotin guda ke iya kama ɗaruruwan abokan hulɗa masu bambancin girma. A 1992 tawagar Ad Bax a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka ta auna motsin kowane naitirojin a jikinsa, sai ta ga tsakiyar sandar, wajen amino asid na 78 zuwa 81, sakwa-sakwa take, kawunan biyu suna lilo kusan kowanne da kansa. A shekarar kuma Mitsuhiko Ikura tare da Bax suka nuna yadda kawunan ke naɗowa su rungume guntun furotin da suke kamawa. Sandar da aka ɗauka ƙaƙƙarfa ce ashe gaɓa ce mai lanƙwasa, kuma aikin kalmodulin duka a kan wannan lanƙwasawar ya dogara.

Sai batun sauri, wanda a ganina shi ne zuciyar fannin. Akwai ƙananan girgiza da ke faruwa cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan ko ƙasa da haka. Ana auna su daga yadda sigina ke lafawa bayan bugun rediyo, a taƙaita su da lamba tsakanin 0 da 1 bisa tsarin Lipari da Szabo na 1982, inda 1 ke nufin wurin a ƙage yake. Amma sauye-sauyen da ke ɗauke da saƙo sun fi faruwa tsakanin maikirosakan da milisakan. Idan furotin yana sauyawa a hankali tsakanin siffa biyu, za ki ga ɗigo biyu, girman kowanne yana gaya miki yawan masu wannan siffa. Idan yana sauyawa da tsananin sauri, ɗigo ɗaya za ki gani a tsaka-tsaki. Idan saurin matsakaici ne, ɗigon yakan baje ya dushe, kuma daga wannan dushewar ake ciro ilimi: ana jero bugun rediyo a jere, dabarar CPMG, a riƙa ƙara yawansu ana duba yadda ɗigon ke sake kaifi. Daga nan ake lissafa yawan ɓoyayyar siffar da saurin shigarta da fitarta, ko da furotin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na lokacinsa a cikinta ba. Lewis Kay na Jami'ar Toronto a Kanada yana cikin waɗanda suka fi gyara wannan hanya. Irin wannan siffa ba ta cika zama kiristal ba, domin ba ta daɗewa, amma sau da yawa ita ce wadda abokin hulɗa ko magani ke kamawa.

A 2001 tawagar Dorothee Kern ta nuna a kan NtrC, furotin mai isar da saƙo a jikin bakteriya, cewa tun kafin a liƙa masa fosfet yana leƙa siffar aiki yana dawowa. Liƙa fosfet ɗin bai ƙirƙiri sabuwar siffa ba, ya rinjayar da ma'auni ne zuwa wadda dama take nan.

Mai_Harhaɗa_Magunguna ta rubuta:

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Zan ɗora a kan bayaninku daga ɓangaren da ya shafi aikina, domin makarɓin beta-2 da 'yar'uwa ta ambata shi ne wanda salbutamol, maganin shaƙa na masu asma, yake kamawa a hanyoyin numfashi. Jikin ɗan'adam yana da makarɓan GPCR kusan 800, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku na magungunan da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a kansu suke aiki. A makaranta an koya mana cewa adirenalin yana tayar da makarɓin gaba ɗaya, salbutamol yana tayar da shi rabi-rabi, wasu kamar karazolol kuma suna kwantar da shi ƙasa da yadda yake ko babu magani. Na haddace wannan, amma na daɗe ban fahimci yadda makarɓi guda zai tashi rabi-rabi ba idan siffa biyu kaɗai yake da ita, a kunne ko a kashe.

Hoton 2011 ya nuna cewa idan makarɓin ya riƙe furotin G, murɗaɗɗen reshe na shida cikin bakwai da ke ratsa tantani yakan buɗe waje da kimanin nanomita 1.4 ta gefen cikin ƙwaya, ya samar da gurbin da furotin G ke shiga. To amma kafin wannan, lokacin da aka yi kiristal ɗinsa da maganin tayarwa kaɗai, sai ya fito da siffar kwanciya. Kafin a same shi a buɗe sai da aka tokare shi da wani ɗan ƙaramin garkuwar jiki da aka samo daga lama, dabbar Kudancin Amurka 'yar dangin raƙumi. Irin wannan garkuwa a jinin raƙumi aka fara gano ta, a wata jami'a a birnin Burasels, aka wallafa a 1993.

NMR ne ya bayyana dalili. A 2013 tawagar Kobilka ta sa kabon-13 a kan amino asid metiyonin da ke jikin makarɓin, ta ga cewa ko da magani mai ƙarfin kamu ya cika gurbinsa, gefen ciki bai tsaya a siffar aiki ba, ya warwatsu ne cikin siffofi daban-daban. A 2015, tare da Scott Prosser na Toronto, suka liƙa alamar fulorin-19 a kan amino asid sistin na 265, a ƙarshen reshe na shida. Fulorin yana da daɗin aiki saboda babu shi a furotin na halitta, duk siginar da aka gani daga alamar take. Suka ga cewa makarɓin da ba shi da magani yana kai da kawo tsakanin siffofin kwanciya biyu, maganin tayarwa yana ƙara yawan wata siffa ta tsaka-tsaki, cikakkiyar buɗewa kuma ba ta kafuwa sai furotin G ko makwafinsa ya zo ya riƙe. Tawagar Ichio Shimada a Jami'ar Tokiyo ta bi metiyonin na 82 a 2012, ta nuna cewa ƙarfin tayarwar kowane magani yana tafiya daidai da yawan makarɓan da ya karkatar zuwa siffar aiki.

Da na karanta waɗannan ne na fahimci ma'anar rabi-rabi. Ba wai salbutamol yana buɗe kowane makarɓi zuwa rabin hanya ba ne tilas. A mafi sauƙin fassara, yana ƙara yawan lokacin da makarɓin ke shafewa a shirye, amma bai kai adirenalin ba. Wannan magana ce ta yawa da lokaci, kuma tsayayyen hoto, komai kyansa, ba ya ɗauke da yawa ko lokaci.

Mai_Binciken_EPR ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina so in amsa ɓangaren EPR, sannan in ja hankali a kan wani abu da nake ganin ba a nanata ba.

EPR ɗan'uwan NMR ne, sai dai shi elektron marar abokin zama yake saurara maimakon cibiyar zarra. Yevgeny Zavoisky ne ya gano shi a birnin Kazan na Rasha a 1944. Maganaɗisun elektron ya ninka na haidirojin sau kusan 660, saboda haka samfur kaɗan ya isa, kuma girman furotin ba ya hana aiki. Wannan babbar fa'ida ce, domin NMR na yau da kullum yakan fara dushewa idan nauyin furotin ya haura kilodalton 30, makarɓin GPCR kuwa idan aka haɗa shi da sinadarin sabulun da ke riƙe da shi ya wuce haka nesa. Gaskiya ne dabarar TROSY ta Wüthrich ta 1997 da ta rukunin metil ta Kay sun ɗaga wannan iyaka, har aka nazarci firotiyasom, wani ƙaton dunƙulen furotin mai kilodalton 670, a 2007, amma suna buƙatar maye haidirojin da diyutiriyam, wato haidirojin mai nauyi, abin da ke da wuya a ƙwayoyin ƙwari da ake yawan ƙera GPCR a cikinsu.

Tun da yawancin furotin ba su da elektron marar aboki, sai a dasa sistin a wurin da ake so, a liƙa masa alamar naitiroksaid. Wayne Hubbell na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis shi ya raya wannan hanya, kuma a 1996 shi da Gobind Khorana suka nuna cewa reshe na shida na rodofsin, makarɓin haske na ido, yana motsawa waje idan haske ya taɓa shi. Ku lura cewa siffar kiristal ta rodofsin sai a 2000 ta fito. Idan aka liƙa alama biyu, dabarar DEER tana auna tazarar da ke tsakaninsu daga kimanin nanomita 1.5 zuwa 8, kuma ba lamba guda take bayarwa ba, rabon tazarori take bayarwa, a ga kashi nawa ke rufe, kashi nawa ke buɗe.

Jan hankalina shi ne kada a gabatar da waɗannan hanyoyi kamar suna ganin furotin a halinsa na cikin jiki ba tare da taɓa shi ba. DEER a daskare ake yinsa, wajen digiri 50 na ma'aunin Kelbin, don haka yana ba da yawa amma ba ya ba da sauri. Alamar da aka liƙa tana da nata lilon, kuma tana iya ture furotin ɗin. Sau da yawa an cire sistin na asali an datse wutsiyar furotin ɗin kafin a fara. Mafi muhimmanci, makarɓin da ke cikin sinadarin sabulu ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya da wanda aka mayar cikin faifan kitse irin na tantani, kuma an nuna haka a kan beta-2 ɗin kansa. Duk wanda ya kawo kason siffofi daga wata takarda, wajibi ne ya faɗi a cikin me aka auna.

Ɗaliba_Bayokemistiri ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na ƙaru ƙwarai. Saura abu biyu. Na farko, Ras bai shigo bayanin ba, kuma malamin da ke duba ni ya fi son in tsaya a kansa saboda alaƙarsa da sankara. Shin sanin motsinsa ya kai ga magani, ko har yanzu ilimi ne na ɗakin gwaji? Na biyu, ɗalibin da ba shi da babbar na'ura a kusa, akwai abin da zai iya yi da hannunsa a wannan fanni?

Malamin_Kimiyyar_Sinadarai ya rubuta:

Kafin in amsa, na yarda da gargaɗin ɗan'uwa mai EPR, kuma ina ba ki shawara ki ware masa shafi guda a gabatarwarki.

Ras yana da sauƙin shiga NMR fiye da GPCR, domin nauyinsa kusan kilodalton 21 ne kuma yana narkewa a ruwa. Littattafai sukan ce yana kashe idan yana riƙe da ƙaramin sinadarin GDP mai fosfet biyu, yana kunne idan yana riƙe da GTP mai fosfet uku. A 1996 masu bincike a Jamus, ciki har da Hans Robert Kalbitzer da Alfred Wittinghofer, suka saurari fosfaras-31 na wani makwafin GTP da Ras ba ya iya sarewa. Da suka sanyaya samfurin, sai siginar fosfet ta rabu biyu, alamar cewa Ras mai riƙe da GTP shi kansa siffa biyu yake da ita, yana sauyawa tsakaninsu a ma'aunin milisakan. Siffa ta biyu ce ke kama abokan hulɗa irin Raf. Ta farko kuwa kamunta da rauni ne, sassanta masu motsi a sake suke. Ke nan ko a kunne yake, wani ɓangare na lokacinsa ba ya isar da saƙon.

Game da magani, dole a faɗi gaskiya yadda take. An shafe shekaru kusan talatin ana ganin Ras ba shi da gurbin da magani zai shiga, saboda fuskarsa a hoton kiristal sumul take. A 2012 tawagar Stephen Fesik a Jami'ar Vanderbilt ta gwada dubban ƙananan sinadarai a kan K-Ras, wani nau'in Ras, mai naitirojin-15, tana duba waɗanne ɗigogi suka gusa, ta samo wani gurbi da ke buɗewa idan wani amino asid ya kauce. Amma gurbin da ya kai ga sotorasib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2021 don wani nau'in sankarar huhu mai sauyin G12C, inda amino asid na 12 na K-Ras ya koma sistin, tawagar Kevan Shokat ce ta gano shi a 2013 ta hanyar liƙa sinadarai a kan sistin ɗin da auna nauyi da kuma kiristal, ba ta NMR ba. Abin da ya haɗa su shi ne gurbin duka biyu ba sa nan a tsayayyar siffa, motsin furotin ne ke buɗe su. Maganin da ya fito daga tsatson dabarar Fesik shi ne benetokilas na sankarar jini, wanda aka amince da shi a 2016, bisa hanyar da ya fara a kamfanin Abbott a 1996.

Tambayarki ta biyu kuwa, na'ura mai megahaz 600 zuwa sama tana buƙatar ruwan heliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili ba yankewa, kuma mai gigahaz 1.2 an fara girka ta ne a birnin Fulorens na Italiya a 2020. Saboda haka auna samfurinki zai buƙaci haɗin gwiwa da wata cibiya. Amma rumbun BMRB yana ajiye da lambobin amo da na motsi na dubban furotin kyauta a intanet, rumbun PDB kuma yana da siffofin. Ki sauke siffar kiristal ta kalmodulin da tarin siffofinsa na NMR ki ɗora su a kan juna a kwamfuta, sannan ki ɗauko lambobin amo na kalmodulin mai kalsiyam da marar kalsiyam, ki lissafa gusawar kowane amino asid, ki shafa wa siffar launi gwargwadon gusawar. Idan kuma sashenku yana iya noman E. coli, giram ɗaya na gishirin amoniyam mai naitirojin-15 ya isa lita guda ta abincin ƙwayar, kuma rabin mililita na tsarkakakken furotin, da kashi goma cikin ɗari na ruwa mai nauyi, wato mai diyutiriyam, shi ne abin da za ki aika wa cibiyar da ta amince ta ɗaukar miki HSQC na farko.